Agogon Ƙari a Motar Gudu: A Fasa Allon Kamfani, A Kafa a Gefe, Ko A Karanta Daga Ƙwaƙwalwar Inji?

Allurar zafin ruwa da ke cikin yawancin motocin zamani ba ta faɗin gaskiya dalla-dalla. Da zarar inji ya ɗumama sai ta hau tsakiya ta zauna. Ruwa ya kai digiri 85 tana nan, ya haura 100 tana nan, ba ta motsawa sai zafi ya kusa yin ɓarna. Da gangan aka yi ta haka, don kada direba ya riƙa tayar da hankalinsa duk lokacin da ya hau tudu ko ya tsaya a cunkoso. Mazda MX-5 ta nuna abin a fili. Ƙirar 1989 zuwa 1994 tana da agogon matsin baƙin mai na gaske, allurarsa na hawa da sauka tare da inji. Daga ƙirar 1995 aka bar fuskar agogon yadda take, amma aka cire sensa aka sa makunni, wanda abu biyu kawai ya sani: akwai matsi, ko babu. Ita kuwa jar fitilar mai, a motoci da yawa ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da rabin bar (ma'aunin matsi). Injin da ke juyawa 6,000 a minti, kafin matsinsa ya sauka can, ɓarnar ta riga ta fara.

Ga mai zuwa aiki ya dawo gida, wannan bai dame shi ba. Amma wanda ke shiga filin tsere, ko ya ƙara wa turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) ƙarfi, ko ya taɓa tsarin ƙwaƙwalwar inji (kwamfutar da ke sarrafa shi), yana bukatar ya ga abin da ke faruwa tun kafin inji ya buga. Hanyoyi huɗu ne a gabansa: ya buɗe allon agogunan kamfani ya cusa sabon agogo a ciki, ya kafa agogo daban a gefe, ya karanta bayani ta soket ɗin OBD (inda ake jona na'urar duba lafiyar inji), ko ya tuge allon gaba ɗaya ya sa na dijital. Ta farko ta fi burge ido, kuma ita ce wadda nake yawan hana mutane, sai a wasu motoci ƙalilan.

Kafin maganar wuri, akwai maganar me za a auna. Matsin baƙin mai shi ne na ɗaya. A doguwar kwana mai ƙarfi, musamman da tayoyi masu kama ƙasa sosai, mai yakan taru a gefe ɗaya na kwanon da ke ƙasan inji, famfo ya zuƙi iska, matsi ya faɗi na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya dawo. Idan hakan ya yi ta maimaituwa, beyarin ya tafi. Zafin baƙin mai na biye, domin mai ya fi ruwa jinkirin ɗumama: allurar ruwa za ta ce maka komai ya shirya alhali mai bai yi laushin da ya kamata ba. Tsakanin digiri 90 da 110 inji na jin daɗinsa, idan ya doshi 130 lokacin sassauta ƙafa ya yi. Agogon matsin turbo shi mutane suka fi saya, don allurarsa ta fi rawa, amma a motar da ba a taɓa ba kusan ado ne. Amfaninsa na fitowa ne bayan an ƙara ƙarfi, inda zai nuna maka matsin ya zarce inda aka saita, ko tiyo ya fara yoyo. Sai agogon haɗin iska da fetur, wanda duk mai saita inji ba ya rabuwa da shi. Daidaitaccen haɗi a injin fetur kashi 14.7 na iska ne ga kashi 1 na fetur, amma idan an take totur har ƙasa a mota mai turbo ana son fetur ya fi haka yawa, wajen 11.5 zuwa 12. Wannan sai sensa mai faɗin zango, irin Bosch LSU 4.9. Agogon da ke jingina da sensar salansa ta kamfani mai ƙunƙuntar zango fitilu kawai yake wasa da su, bai san komai ba da zarar an bar kusa da 14.7.

Mutum biyu cikin uku da ke tunanin suna bukatar agogo huɗu, a ganina, biyu sun ishe su. Wannan ya shafi zaɓin wuri kai tsaye, don samar wa agogo ɗaya gurbi mai kyau abu ne mai sauƙi, huɗu kuwa dole wasu su faɗa inda ido ba ya kaiwa.

Cusa agogo cikin allon kamfani

Abin da ya sa ake sha'awar wannan hanya a bayyane yake. Ido ya riga ya saba zuwa wurin, rumfar allon tana tare hasken rana, babu abin da ya tsaya a gaban gilashi, kuma idan aikin ya yi kyau ba wanda zai gane ba daga kamfani ya zo ba.

A tsofaffin motoci abin na yiwuwa cikin rufin asiri. Porsche 911 mai sanyaya inji da iska tana da agoguna biyar na kamfanin VDO, kowanne zagayayye a raminsa, roba ce ke riƙe da shi. Ana iya zare na ƙarshe, wato na lokaci, a sa wani a gurbinsa, a ajiye na asalin don ranar da za a sayar da motar. Datsun 240Z tana da ramuka uku a tsakiyar dashbod waɗanda suka dace da irin wannan aiki. Masu MX-5 ta 1995 zuwa 1997 kuma sun daɗe suna ɗauko agogon mai da sensarsa daga ƙirar da ta gabata su mayar. A duk waɗannan ba a yanka komai ba, musanya kawai aka yi.

Motar zamani daban take. Abin da kake gani kamar agoguna uku ko huɗu, idan ka buɗe bayansa faranti ɗaya ne na lantarki, allurai na zaune a kan ƙananan injinan lantarki masu juya su da aka liƙa a jikinsa. Agogon kasuwa faɗinsa milimita 52 ne ko 60, kuma yana da zurfi, ga wayoyi a bayansa. Babu inda zai shiga sai an yanka roba, wani lokaci har da farantin. Idan aka cire allurar gudu ko ta juyin inji don a kai ga fuskar, mayar da ita daidai inda take aiki ne na haƙuri, kuma kuskure kaɗan zai sa mota ta riƙa nuna gudun da ba shi ba har abada. Ƙura takan shiga bayan gilashin, da dare ta fito fili. Launin hasken sabon agogon da wuya ya zo ɗaya da na sauran.

Waɗannan duk ƙananan damuwa ne idan aka kwatanta da abin da allon ke ɗauke da shi a ɓoye. A motoci da yawa lissafin kilomitar da mota ta yi a cikin allon yake ajiye. A wasu, musamman na rukunin Volkswagen na wasu shekaru, na'urar hana sata da ke gane makulli ma a ciki take, idan farantin ya lalace mota ba za ta tashi ba. A wasu kuma ta allon saƙonni ke bi tsakanin sassan lantarkin motar. Wani zai ce to a sayi allo na hannu a yi gwaji a kansa. Shawara ce mai kyau, amma allon zai zo da kilomitar wata motar, kuma taɓa wannan lissafi laifi ne a dokar ƙasashe da yawa idan ba a bi ƙa'ida an bayyana ba. Ga shi kuma aikin ba ya komawa baya. Ranar da agogon kasuwa ya mutu, ko kamfanin ya daina yin irinsa, an bar ka da rami a tsakiyar allo.

Akwai tsaka-tsakin da nake ganin ya fi hankali: ana sayar da murfin allo na musanya mai gurbi ɗaya ko biyu a gefe, ga motocin da suka yi farin jini. Agogon na zaune dab da na kamfani, ido ba ya nisa, amma ba a buɗe allon ba. Sai dai a zauna a kujera a duba ko da'irar sitiyari ko hannun direba ba ya rufe shi, don a hoto kullum yana fita da kyau.

Kafa agogo daban

Nan mafi yawan mutane ke ƙarewa, kuma ba laifi, in dai an zaɓi wurin da tunani. Motar da ke gudun kilomita 160 a awa tana cin mita 44 a daƙiƙa ɗaya. Agogon da aka sa can ƙasa kusa da giya, a ramin rediyo, kallonsa na nufin ka yi wannan tazara ba ka ga hanya ba. Wurin ya dace da zafin mai ko ƙarfin batir, abubuwan da ke canzawa a hankali. Bai dace da matsin mai ba.

Ginshiƙin gefen gilashin gaba shi ne wurin da aka fi sani, kuma shi na fi tsoro. A motocin da ke da jakar iska ta gefe, mai saukowa kamar labule, jakar ta bayan murfin ginshiƙin take fitowa ko kusa da shi. Agogon ƙarfe da aka ɗaure a wurin zai iya hana ta buɗewa daidai, ko ya taso wa fuskar direba lokacin haɗari. Ko babu jaka, ginshiƙin ya ƙara kauri, ya rufe maka cikin kwana daidai inda kake son gani. Idan motarka na da wannan jaka, ka bar ginshiƙin kawai.

Saman sandar sitiyari wuri ne mai kyau ga agogo ɗaya, yana gaban ido, amma yakan rufe ƙasan allon kamfani inda wasu fitilun gargaɗi suke. Ramin iskar esi na kusa da direba, a motocin da raminsu zagayayye ne, ya fi duka tsafta: agogon milimita 52 na shiga kamar don shi aka yi, a cire shi a mayar da murfin ba alama. Farashinsa rasa iskar wannan ramin ne. Saman dashbod kuma rana na dukan agogon, da dare haskensa na faɗawa a gilashi.

Karantawa ta OBD

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II mai baki 16 a ƙarƙashin dashbod. A Turai an wajabta irinsa ga motocin fetur daga 2001. Ƙwaƙwalwar inji ta san zafin ruwa na gaskiya, ta san zafin iskar da ke shiga, a motoci da yawa ta san matsin da ke cikin bututun shigar iska. Allon ne kawai ba ya nuna maka. Ƙaramar na'ura da ake cusawa a soket, ta tura wa wayar hannu ko wani ɗan allo, za ta fito da duk wannan ba a kwance noti ko ɗaya ba.

Ga zafin ruwa, wannan hanya ta kashe bakin sauran. Ba ni ganin dalilin yanka tiyon lagireto a sa sabuwar sensa, a ƙara wurin yoyo, alhali lambar na nan kyauta. Amma iyakarta ita ce abin da kamfani ya sa wa sensa. Motar da makunni kawai take da shi a layin mai, ba manhajar da za ta ƙirƙiro maka matsin mai. Zafin mai wasu motoci na bayarwa, wasu babu, wasu kuma ƙiyasi ƙwaƙwalwar ke yi ba awo ba. Sauri ma matsala ne a tsofaffi: kafin a koma tsarin sadarwa mai sauri na CAN, wanda aka wajabta a Amurka daga ƙirar 2008, bayani a hankali yake fitowa, kuma yana ƙara jinkiri idan ka nemi abubuwa da yawa a tare. Lambar matsin bututun shiga ta gama-gari tana tsayawa a 255 kPa, ciki har da matsin iskar duniya, wato kusan bar ɗaya da rabi na turbo. Injin da aka ƙara wa ƙarfi sosai zai wuce nan. Sannan baki na 16 na soket ɗin yana da wuta ko an zare makulli, don haka na'ura mara inganci da aka bari a ciki za ta iya shanye batir a motar da ke daɗewa a ajiye.

Allon dijital gaba ɗaya

Kamfanonin AiM, MoTeC da Haltech na yin alluna da ke maye na kamfani ɗungurungum. Suna nuna komai a fuska ɗaya, suna kunna gargaɗi, wasu na adana bayani a duba bayan an sauka daga fili, abin da ya fi kowace allura amfani wajen kama faɗuwar matsi ta daƙiƙa ɗaya. A motar tsere zalla, mai ƙwaƙwalwar inji ta kasuwa, wannan ita ce hanya. A motar titi kuwa aiki ne babba: fitilar sigina, ta babbar fitila, ta birki, ta jakar iska, awon tanki, lissafin kilomita, duk sai an sake gina su, kuma masu duba lafiyar mota a ƙasashe da dama na neman su. A tsofaffin motoci ma altaneta ta fitilar caji ta allo take samun wutar farawa, a cire fitilar ta ƙi caji yadda ya kamata.

Na tiyo ko na waya?

Duk inda za a kafa shi, sai an zaɓi ɗaya. Agogon tiyo yana aiki da lanƙwasasshen bututun ƙarfe da matsi ke miƙarwa, dabarar da Bafaranshe Eugène Bourdon ya yi wa rajista a 1849. Yana da sauri, ba ya bukatar wuta sai ta haske, kuma da wuya ya yi ƙarya. Ga matsin turbo ba shi da aibi, iska ce kawai a cikin tiyon. Ga baƙin mai kuwa, ma'anarsa ita ce ka shigo da mai mai zafin digiri 100, mai matsin bar 5, har gaban gwiwarka. Siririn tiyon roba da ke zuwa a kwalin yakan bushe ya tsage da zafi. Wanda ya nace sai ya sa na jan ƙarfe ko mai saƙar ƙarfe. A bayan allon kamfani, kusa da farantin lantarki, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Fetur kuwa ba a shigo da tiyonsa cikin mota, ko da wasa.

Na waya sensa ce a jikin inji, waya kawai ke shigowa. Masu araha allurarsu na yawo ne a kwata ɗin da'ira, digiri 90, lambobi a cushe. Masu ɗan injin lantarki a ciki, irin na kamfanin Defi da manyan samfuran Auto Meter, suna zagaya wajen digiri 270, suna tuna mafi girman awo, kuma suna da gargaɗin da kai za ka saita. Wannan gargaɗin shi ya fi komai daraja a wurina. A tsakiyar kwana ba mai kallon allura, amma jar fitila ko ƙara za ta same ka. Tsakanin allura da lambobi kuma: allura ta fi ga abin da ke tsalle, don gefen ido na kama matsayinta, lambobi sun fi ga zafi da haɗin iska da fetur.

Inda aikin ke lalacewa

Mutane na ɓata makonni kan launin fuskar agogo, su bar sensa ga sa'a, alhali can ne inji ke mutuwa. Injinan Japan da yawa ramin makunnin mai nasu haƙoran murɗinsa samfurin 1/8 BSPT ne, haƙora 28 a inci. Sensar da aka yi a Amurka 1/8 NPT ce, 27 a inci. Ido ba ya bambanta su, za ta fara shiga lafiya, sannan ta cije. Mai ƙarfin hannu ya ci gaba da murɗawa, ya cinye haƙoran ko ya tsaga jikin injin. Akwai mahaɗi da aka yi don wannan, a saye shi.

Haka nan, ɗora sensa mai nauyi a kan mahaɗin tagulla mai baki uku kai tsaye a jikin inji ganganci ne. Girgiza na cin tagullar a hankali har ta karye, mai ya tsiyaye cikin ƙanƙanin lokaci. A ja tiyo mai saƙar ƙarfe a ɗaure sensar a jikin bodi. Farantin da ake sawa tsakanin filtar mai da inji hanya ce mai sauƙi ta samun ramin matsi da na zafi a tare, sai dai ya ƙara roba ɗaya da za ta iya yoyo, kuma a tabbatar filtar ba ta sauko kusa da ƙasa ko salansa ba. Makunnin kamfani a bar shi yana aiki, kada sabon agogo ya kashe jar fitila. Sensar haɗin iska da fetur ana sa ta bayan turbo, kafin na'urar tace hayaƙi, a karkace aƙalla digiri 10 sama da kwance don kada ruwan da ke taruwa a salansa ya kashe ta.

Wuta a ɗauko ta daga akwatin fiyus, layin da ke mutuwa da makulli, da nata fiyus ɗin. Wayar da ake ɗaurawa a jikin ƙarfe ta samu wuri mai tsafta, don rashin kyawun wannan ɗauri shi ke sa allura ta motsa idan an kunna fitila ko fanka. Duk wayar da za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da ɗaki ta bi ta cikin roba. A haɗa wayar rage haske da ƙananan fitilu, in ba haka ba agogon zai riƙa haske ido da dare. Wayoyi masu rawayan soket na jakar iska ne, mai riwaya na ƙwarai ba ya kusantarsu.

To, wa ya dace da wanne? Mai motar zamani da ba a taɓa injinta ba, wanda ke son sanin zafin ruwa da ganin turbo na aiki, OBD ta ishe shi, kada ya huda komai. Mai zuwa filin tsere lokaci-lokaci ya ƙara agogon waya na matsin mai mai gargaɗi, a ramin iska ko murfin allo na musanya, da na zafin mai a duk inda ya samu gurbi. Mai turbo da aka ƙara wa ƙarfi ya sa na haɗin iska da fetur a mafi kyawun wuri, na turbo ya biyo baya. Mai tsohuwar mota da agogunanta ke fita ɗaya-ɗaya shi kaɗai zan ce ya shiga cikin allo, ya kuma adana abin da ya cire. Motar da ta bar titi ta koma fili ta ɗauki allon dijital.

Bayan an gama, a tayar da inji a duba yoyo yana sanyi, a sake dubawa ya yi zafi, a kuma duba bayan tafiyar farko. Sannan a lura da awon da motar ke bayarwa tana lafiya: matsin mai da sanyi, da zafi a tsaye, da zafi a juyi 3,000. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ta psi 10 (kusan bar 0.7) ga kowane juyi 1,000 mafari ce kawai, littafin gyaran motar ya fi ta. Gargaɗin matsi a saita shi ƙasa kaɗan da awon da inji ke bayarwa yana tsaye da zafi. Idan an ɗaga shi sama da haka zai riƙa kuka a kowace danja har direba ya daina jin sa. Agogon da ke iya haɗa gargaɗin da juyin inji ya fi, domin bar ɗaya a tsaye lafiya ce, bar ɗaya a juyi 6,000 kuwa a ɗaga ƙafa nan take a nemi wurin tsayawa.